Sandar Kulocin Kofur

Ni ne mutumin da ya mayar da kulocin hannu na ƙafa a jikin tarakta a ƙasar Zamfara, tun ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. In akwai wanda ya riga ni, to bai zo ya faɗa mini ba. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan a bakin gareji, ina bugun ƙirji, mutane suna girgiza kai suna cewa kai, malam fita, sai kai. Rabin labarin nake ba su. Yanzu da haƙora suka zube, ba wanda zan burge, ga shi gaba ɗayansa.

A lokacin ina aikin fita, wato gyaran inji, a Sabon Garin Gusau, cikin wata rumfar kwano kusa da tashar mota. Ba ni da takarda. Fitocin kamfani, masu wandon kaki mai guga da fensir a bayan kunne, suna kirana ɗan maƙera, don sun san daga gidan ƙira na fito a Bungudu. Su in noti ya ƙi kwancewa sai su rubuta a aiko da sabo daga Ikko, su koma gindin mangwaro su jira shi wata uku. Ni kuwa sai in kwance shi. Duk da haka wannan suna yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa, kuma a riƙe wannan, don shi ya kai ni inda na je.

Akwai wani Alhaji mai sayen gyaɗa da auduga a Gusau. A jirgin sama ya je Makka, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba, ko farashin gishiri ake magana sai ya sako jirgin. Shi ne ya je gwanjon tsofaffin kayan aikin gona da Turawa suka gaji da su, ya sayi wata tarakta. Bai san gabanta da bayanta ba. Ya saya ne don abokin hamayyarsa ya sayi lori ta biyu. Da ya saya sai ya ga ai tarakta gona take so, shi ne wani dagaci a wani ƙauye can bayan Tsafe, gindin duwatsu, ya ba shi aron tudu, ya kuma yi masa alkawarin fadama in an ga hali.

Taraktar tsohuwa ce tun ta lokacin yaƙi. Kananzir take sha, da hannu ake murza ta ta tashi, in ta tashi kuwa ba mai jin maganar wani. Mutanen ƙauyen tantan suke ce mata. Ba ta da kulocin takawa irin na lori. A hannun daman direba akwai wata doguwar sandar ƙarfe da ta kai ƙugu: ka tura ta gaba har ta ce ƙas, ta kulle kanta, tarakta ta tafi, kai kuma ka saki hannunka. Ka jawo ta baya, ta tsaya.

Direbanta wani tsohon soja ne, kowa Kofur yake ce masa. Ya dawo daga yaƙin Bama da gwiwar hagu wadda ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan. A soja ya koyi tuƙi, kuma ya iya, amma wane mai lori zai ba da motarsa ga wanda ba zai taka kuloci ba? Duk faɗin Zamfara wannan tarakta ita kaɗai ce abin da zai iya tuƙawa. A tsaye yake tuƙa ta, ya kafe ƙafar nan a kan faifan ƙarfen da ke bayan kujera. Ya naɗe kan sandar da jar fatar akuya, shi ya ɗinke ta da kansa. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma daga bakin sandar nan tuwonsu yake fitowa.

To, sai kuloci ya cinye. Sanda ta daina cewa ƙas. In ka tura ta sai ka riƙe, kana saki ta dawo, tarakta ta tsaya cik. Kofur ya gaya wa Alhaji har sau uku, Alhaji ya ce a bari sai bayan kaka. Haka mutumin nan yake wuni, hagu a sitiyari, dama tana danne da sanda, har kafaɗarsa ta kumbura.

Hanyar gona kuwa ta ƙofar gidan dagaci ta bi. Kullum da hantsi yana zaune gindin durumi da fadawansa, mutanen da ba su da wata sana'a a duniya sai ƙidayar gaisuwa. Mai ƙafa ya durƙusa, mai jaki ya sauka, mai keke ya sauka ya tura, direba ya rage gudu ya ɗaga hannun dama ya yi jinjina. Da can Kofur yana yi, har da ƙamewa irin ta soja, suna jin daɗi. Yanzu ba hannu. Yakan buɗe baki ya yi gaisuwa, amma wa zai ji a cikin rugugin nan? Wata rana sai dabara ta zo masa, ya tokare sitiyari da ciki, ya ɗaga hagu. Ai kuwa allura ta tono garma. Gara ma da bai ɗaga ba! Fadawa suka yi caa, wai bawan Alhaji ya wuce ta kan rawanin ubangidansu a tsaye, ya kuma miƙa masa hannun tsarki. Ba wanda ya tashi ya je ya duba me hannun daman yake yi. Tashi aiki ne. Dagaci ya aika wa Alhaji cewa maganar fadama a dakata tukuna.

Alhaji ya iso rumfata yana gumi, babbar riga na jan ƙasa cikin baƙin mai.

"Malam fita, so nike ka maida abin nan ƙasa, irin na lori," in ji shi. "Direba shi zamna kamar ɗan mutunci, hannu nai na dama shi samu sarari."

Na ce, "Alhaji, direban naka fa?"

"Direba matsalata ce. Kai dai ƙarfe na kawo maka." Ya gyara hula, sannan ya ce, "Na je wurin fitocin kamfani, sun ce ba shi yiwuwa. Sun ce in ba a Ingila ba, babu mai yin shi."

Ɗan kasuwa ke nan. Mutumin da ya saba auna gyaɗa da ido ba zai kasa auna ni ba. Ban ma sani ba ko ya je wurinsu ko bai je ba. Na ɗauki akwatin kayan aikina, washegari na hau lorin da ke zuwa Funtuwa na sauka a Tsafe, na ƙarasa da ƙafa. Tun a cikin lori nake ƙera abin a kaina: ga inda mataki zai zauna, ga ƙarfen da zai ratsa ta ƙasa, ga inda zan ɗaura sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai dawo da mataki.

Kofur ya tarbe ni da ruwa a ƙwarya. Dogo ne, baƙi, mai ƙaramin gemu, in yana tafiya sai ya jefa ƙafar nan gefe ta zagayo. Ya ɗauka gyara na zo yi, ni kuma ban gaya masa abin da Alhaji ya sa ni ba. Na buɗe murfin kuloci. Abin dariya. Noti uku ne suka saki, farantan ciki kuma suka yi santsi da tsohon giris. Na zare su, na wanke da kananzir, na goga su a kan dutse har suka yi kaushi, na mayar. Na bi notin nan uku ina ɗaurewa kaɗan-kaɗan, wannan, wancan, wancan, don kada ɗaya ya fi ɗaya. Ko azahar ba a kira ba. Na ce masa tura mu ji.

Ya tura. Sanda ta ce ƙas.

Har yau ina ganin fuskarsa. Ya murza taraktar ta tashi, ya hau, ya zagaya fili sau biyu, ya saki sitiyari ma gaba ɗaya, ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya kamar ba dattijo ba. Ya dawo ya kashe ta.

"Ta gyaru, malam fita! Allah shi yi ma albarka. Gobe sai in yi musu jinjina har su ce ya isa."

A nan aiki ya ƙare. Hannun da Alhaji yake nema ga shi ya samu. Duk mai hankali zai rufe akwatinsa ya koma Gusau ya ce, Alhaji, ba sai an taɓa komai ba, noti uku ne. Na san haka sarai, ba wai daga baya na gane ba. Amma wa zai yi hirar noti uku a tasha? Wane fitan kamfani zai ji kunya don na ɗaure noti uku? Sai na ji bakina ya ce, "Alhaji na ƙafa ya ce a yi."

Ya dube ni, ya dubi ƙafarsa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"To ka gaya mashi ta gyaru mana. Kai zai ji maganarka."

"Ni ba ɗan aike ba ne, Kofur. Abin da aka sa ni shi zan yi."

"To ka bar sandar inda take. Ka yi naka na ƙafa, ka bar min nawa."

Na ce za mu gani. Kuma ana iya bari, kada wani ya ce ba a iyawa. Ƙarin aikin yini ɗaya ne. Sai dai a idona aiki mai baki biyu ba ya nuna gwaninta, za a ce na liƙa wani abu ne a gefe. Ga shi kuma duk jikin taraktar ba ƙarfe mai kyau kamar sandar nan, ita ta dace ta zama matakin. Na cire ta da yamma yana tsaye yana kallo, na saɓa a kafaɗa.

Ba ni da wutar da za ta lanƙwasa ƙarfe mai kaurinta a rumfata, dole sai gida. Na wuce Gusau na tafi Bungudu. Yayana shi ya gaji maƙerar mahaifinmu, na same shi cikin fartanya da kalme, damina ta matso, manoma sun zauna suna jira. Ni a lokacin kallon baƙauye nake yi masa, mutumin da bai taɓa leƙa cikin inji ba, tun yana yaro abu ɗaya yake bugawa. Na zana masa a ƙasa da ƙusa, nan za a lanƙwasa, nan a baje, nan a huda.

Ya karɓi sandar ya juya ta. Ya tsaya a kan fatar, ya shafa ta da babban yatsa. Ta yi baƙi a inda tafin hannu ke zama, har shatin yatsu ya fito.

"Wanga hannun wani ne," in ji shi. "Mai shi ya rasu?"

"Yana nan."

"Shi yab ba ka?"

"Yaya, ta Alhaji ce. Shi ya saya."

"Ban tambaye ka wa yas saya ba." Ya dube ni ta ƙasan ido. "Baba in mutum ya zo a ƙera mashi wuƙa, sai ya ji abin da za a yanka."

Na yi tsaki na ce ai shi ya sa har ya rasu bai wuce fartanya ba. A gaban mutane na faɗa. Manoman nan suka sunkuyar da kai. Yayana ya ɗora sandar a kan cinyarsa. Ya ɗauko 'yar aska, ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya ya warware, bai yanki fatar ba ko kaɗan, ya miƙo mini. Ya ce in kai wa mai ita. Sannan ya cusa sandar cikin gawayi ya ce a zuga. Ya yi aikin yadda na zana, ba kuskure ko na ƙwayar gero, amma har na tafi bai ƙara ce mini uffan ba.

Kwana uku na yi ina haɗawa. Na cire ƙarfen da ke sa ta kulle kanta, na jefar cikin ciyawa. Na samo sifirin daga wata matacciyar lori, mai taurin tsiya, don shi zai riƙa danne farantan. Dole matakin ya zauna a hagu, tunda birki biyu sun cinye dama, saboda haka na ratsa wani ƙarfe ta ƙarƙashin kujera ya haɗa su. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk kwana ukun nan Kofur yana wurin. Shi ke riƙe mini sufana ta ɗaya gefen. Shi ke kawo fura daga gidansa. A rana ta biyu ƙarfen da na ratsa ya riƙa gogar bututun mai, na rasa yadda zan yi, shi ya ce in juya maƙalin ya kalli baya. Na juya, ya zauna daram. Na ce ai da ma abin da nake shirin yi ke nan.

Da na taka matakin a karo na farko, na sa giya, na ɗaga ƙafa a hankali, tarakta ta ja sumul ba ko tsalle. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Ban tuna da kowa ba.

Ranar gwaji Alhaji ya zo da 'yan rakiyarsa, irin waɗanda in ya yi atishawa sai su ce hikima ce. Ya taho kuma da wani direban lorinsa, ƙato mai gashin baki, wai ya zo kallo ne. Kofur ya ce a bar shi ya fara. Ya hau, ya zauna a kujerar da bai taɓa zama a kanta ba. Ƙafar ta miƙe ta wuce matakin. Ya ja da baya har ƙarshen kujera, ya ɗora dunduniya, ya tura da ƙugu. Sifirin ɗin nan nawa ya sauka rabi ya ƙi ƙarasawa, giya ta yi ta ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Gumi ya jiƙa masa riga. Sai ya tsallako da ƙafar dama ya taka, giya ta shiga, ya saki, tarakta ta zabura. Kafin ya mayar da ƙafar kan birki ta shige dangar karan wani gida ta kwantar da ita, kaji suka watse.

'Yan rakiya suka fashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Alhaji ya buɗe hannuwa ya ce, "To ka gani, Kofur. Ni dai ban kore ka ba. Shaida ku ne." Munafuncin banza! Ni kuwa ina tsaye ina goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa.

Kofur ya sauko a hankali. Ƙaton nan ya haye, ya taka, ta tafi. Aka ɗunguma aka bi shi har ƙofar dagaci, Alhaji a gaba yana tattare riga. Direba ya rage gudu, ya ɗaga dama sama har ana ganin hammatarsa, yana kwarara kirari. Dagaci kuwa aski ake yi masa, kansa a sunkuye tsakanin gwiwoyin wanzami, bai ko ɗago ba. Wani bafade ne ya ce an gaishe ka, bakinsa cike da goro. Wannan ita ce gaisuwar da aka kashe ƙarfe da kwana uku saboda ita.

Na koma na sami Kofur yana ɗaga dangar mutane. Na ciro fatar daga aljihu na ba shi. Ya karɓa, ya sa a aljihunsa. Da aka dawo da taraktar ya je ya karkata jikinsa gefe, tunda ba ya iya tsugunawa, ya daɗe yana duban haɗin da na yi.

"Aiki ya yi kyau, malam fita," in ji shi. "Wallahi ko injiniyanmu na soja sai haka."

Sauran ba shi da tsawo. Fadama dai Alhaji bai same ta ba, dagaci ya ba surukinsa, ashe tuni aka gama wannan magana. Ƙaton direba ya tsani gona, ga shi ba ya iya ɗaura garma shi kaɗai yadda Kofur yake yi a da, yana tsaye a ƙasa yana tura sanda da hannu tarakta na matsowa. Man inji ma ƙaton ba ya dubawa. Damina biyu ba su cika ba injin ya ƙone, aka bar ta gindin wata tsamiya awaki na hawa. Fitocin kamfani kuma labari ya kai musu. Ɗaya daga cikinsu ya biyo ta rumfata a kan keke, bai ko sauka ba, ya ce ya ji abin da na yi a Tsafe, ba laifi, aikin maƙera.

Kofur ya dawo Gusau da iyalinsa, ya sami gadin wani sito na gyaɗa. Kuma sai Allah ya sa siton yana kan hanyata ta zuwa rumfa. Safiyar farko da na hango shi na so in sunkuyar da kai in wuce. Ya dogara sandar gadinsa ya miƙe tsaye. Kan sandar naɗe da jar fatar nan, ya sake ɗinke ta. Ya ƙame, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama, bai sauke ba sai da na sha kwana. Washegari haka. Jibi haka. Ba murmushi a fuskarsa, ba kuma harara, balle in san inda zan kama. Na canza hanya ta bayan tashar jirgi, mutane suka fara tambayata me nake gudu, na dawo. Shekara goma sha ɗaya muna haka.

Sau ɗaya na tsaya. Ranar kasuwa ce, mutane cike da titi suna kallonmu, ga dattijo a ƙame yana yi wa mai baƙin wando jinjina. Na matsa kusa na ce, "Kofur, don girman Allah ka bari. Ni ba sarki ba ne, ba dagaci ba."

Ya dubi hannun yana nan sama, sannan ya dube ni.

"To mi zan yi da shi, malam fita? Kai kas samo mashi sarari."